Rubuta Tarihi don Jarida da Rediyo: Amsoshin Tambayoyin da Sababbin Marubuta Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan zuwa teburin tarihi daga ɗalibai masu neman sanin makamar aiki, da masu shirye-shiryen rediyo, da masu shafukan Facebook a nan Jos da kewaye. Mun haɗa masu kama da juna wuri ɗaya.

An ba ni batu, an ce in kawo rubutu nan da kwana uku. Ta ina zan fara?

Fara da rage batun. "Tarihin Jos" ba batu ba ne, teku ne. "Yadda jirgin ƙasa ya iso Jos saboda kuza" batu ne da za a iya gamawa a kalmomi 1,200. Idan ba ka iya faɗin abin da rubutunka zai amsa a jimla ɗaya ba, to da sauran aiki.

Ranar farko karatu ce. Nemi littafi ɗaya ko biyu na masanan da suka yi bincike a kan batun, ka fara duba ƙasan shafi da ƙarshen littafin, inda suka nuna daga ina suka samo. Nan ne taswirarka. Rana ta biyu ka bi majiyoyin asali da za ka iya kaiwa gare su, ka buga wa malamin tarihi ɗaya waya. Rana ta uku rubutu da tantancewa. Masu fara rubutu tun ranar farko su ne ke ƙarewa da neman hujjar da za ta dace da abin da suka riga suka rubuta.

Majiya nawa ta isa kafin in ce abu ya tabbata?

Ka'idarmu biyu ce, amma biyun da ba su ɗauko daga juna ba. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Za ka ga shafuka ashirin a intanet sun kawo shekara ɗaya, ka ce ai magana ta tabbata, alhali duk ashirin ɗin daga wuri guda suka kwafo, har da kuskuren rubutun. Majiya ɗaya ce ta sa riguna ashirin.

Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan aikin tun kafin ya shiga ɗakin labarai. Isnadi ake bi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya kuwa, yana da wata buƙata a maganar? Haka za ka yi wa kowace da'awa. Ka bi ta baya har ka kai ga wanda ya fara faɗinta da shekarar da ya faɗa. Wani lokaci za ka tsaya a wasiƙar da aka rubuta a makon da abin ya faru. Wani lokaci kuma igiyar za ta tsinke a wani shafin Facebook na 2016, babu kowa a bayansa. Na farkon ka rubuta shi kai tsaye. Na biyun ka bar shi.

A tsakiya akwai abin da majiya ɗaya tak ta kawo, amma mai ƙarfi. Wannan ana rubuta shi da sunan mai shi: "a cewar Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri", "rahoton Razdan na shekarar ya ce" (Razdan shi ne Baturen mulkin mallaka da ke riƙe da lardi). Kalmar "an ce" ba majiya ba ce, kuma edita mai hankali zai ja mata layi ya tambaye ka wa ya ce.

Ina ake samun takardun asali idan mutum yana Jos?

Kusa da kai akwai Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952. Ban da kayan da ke cikin gilashi, yana da ɗakin karatu da tarin rubuce-rubucen Larabci na hannu. Akwai ɗakin karatun Jami'ar Jos, kuma kada ka raina kundayen digiri na sashen tarihi: da yawansu ɗalibai ne suka yi hira da dattawan da yanzu ba su da rai. Don abubuwan da suka faru daga 1972 zuwa yau, tsofaffin kofen jaridar Nigeria Standard suna da amfani.

Amma babban rumbun yana Kaduna: Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A ma'ajiyar an jera fayiloli bisa ofishin da suka fito. SNP na Sakatariyar Lardunan Arewa ne, JOSPROF na ofishin lardin Filato, haka KANOPROF da ZARPROF da sauransu. Ga abin da ke ɓata wa mutane kwana guda: sai a 1926 aka kafa Lardin Filato. Kafin nan Jos tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, don haka abin da ya shafi farkon haƙar kuza ka leƙa fayilolin Bauchi da na SNP.

Je da takardar gabatarwa daga gidan jaridarku, da katin shaida, da fensir. Tambayi ka'idar ɗaukar hoto kafin ka fito da waya. Fayil zai zo maka ɗaure da zare, takardar ta yi ja ta bushe kamar ganyen kuka, allurar da aka maƙala ta yi tsatsa ta ci kusurwa. Kada ka tsaya a rahoton da aka buga da tafireta. Juya ka karanta ƙananan bayanan hannu da jami'ai suka yi wa juna a gefe da shafukan farko, galibi da jan tawada ko shuɗin fensir. A nan ne za ka ga Razdan yana gaya wa Di'o, Baturen da ke ƙarƙashinsa, cewa alƙaluman da ya turo ba su yi kama da gaskiya ba. Kafin ka ɗauki hoton kowane shafi, ɗauki hoton bangon fayil da lambarsa, in ba haka ba za ka dawo Jos da hotuna ɗari uku ba ka san na wane fayil ba ne.

Ai Turawa ne suka rubuta. Za a dogara da su?

Ana dogara da su a kan wasu abubuwa, ana taka-tsantsan a kan wasu. Ranar da aka naɗa hakimi, yawan harajin da aka karɓa, ranar da aka buɗe hanya: a nan sukan yi daidai, domin aikin ofis ne da wani zai bincika. Amma dalilin da ya sa wani gari ya yi bore, ko yawan mutanen da aka kashe a wani samame, ko asalin wata ƙabila, a nan ka tuna wanda ya rubuta yana kare kansa ne gaban na sama da shi, kuma ta bakin tafinta ya ji labarin. Ƙidayar mutane ta lokacin ma daga lissafin haraji ta fito, kuma kowa ya san yadda ake ɓoye kai da shanu idan mai jangali ya doso.

Haka nan littattafan masu jihadi. Shaidar gani da ido ce mai daraja, amma ɓangare ɗaya ne na yaƙi ke magana. Sarakunan Gobir ba su bar mana nasu littafin ba.

Kalmominsu kuma ba naka ba ne. Inda takarda ta kira mutanen Filato da sunan raini, ko ta ce "arna", kai ka kira al'umma da sunan da take kiran kanta. Sai dai wajen bincike dole ka san tsohon sunan, domin da shi aka rubuta fayil: Angas su ne Ngas, Sura su ne Mwaghavul, Yergam su ne Tarok, Ankwe su ne Goemai, Jarawan Jos su ne Afizere, Gwari kuma Gbagyi.

Yaya ake hira da dattijo a samu abin da za a iya bugawa?

Je ta hannun wanda ya san shi, ka je da safe ko bayan la'asar, ka riƙe goro ko ɗan abin gaisuwa. Kada ka yi cinikin kuɗi a kan labari, domin wanda aka biya yakan ba ka abin da ya ga kana so. Bayan gaisuwa, kunna rikoda ka nemi izininsa a cikin rikodin: sunansa, unguwarsa, ya yarda a buga, ya yarda a ambaci sunansa ko a sakaya.

Tambaya mafi amfani ita ce: "Baba, wannan da idonku kuka gani, ko ba ku labari aka yi?" In ya ce ba shi aka yi, sai ka bi da "Wa ya ba ku?" Yi ta cikin ladabi, amma yi ta a kowace gaɓa. Mutumin da ke da shekara 85 yau bai ga zuwan Turawa ba. Abin da yake da shi game da 1903 daga kakansa ne, kuma haka za ka rubuta.

Kada ka tambayi shekara kai tsaye, za a ba ka lamba don a sallame ka. Ɗaura labarin a jikin abin da kowa ya sani. Kafin zuwan Sarauniyar Ingila ne ko bayansa? Wannan 1956 ke nan, kuma ta sauka a Jos a tafiyar. An kashe Sardauna a lokacin? 15 ga Janairu 1966. Ana yaƙin basasa? 1967 zuwa 1970. Da sule kuka saya ko da naira? Naira ta fito 1 ga Janairu 1973. Da tambaya uku irin waɗannan za ka matse labari cikin shekara biyu ko uku.

Yi hira da mutum shi kaɗai in da hali. A zaure cike da jama'a, da zarar babba ya yi magana sauran sai "haka ne, haka aka yi". Kuma ka nemi shiga wajen tsofaffin mata, ko ka tura abokiyar aiki. Tarihin kasuwa, da aure, da yunwa, da wanda ya auri wa a gidan sarauta, sau da yawa a wurinsu yake.

Jerin sarakuna na baka yana da cuta guda: yakan haɗiye sunaye. Wanda ya yi wata shida, ko wanda aka tuɓe, ko wanda zuriyarsa ta rasa sarauta, sai ya ɓace daga lissafi. Kirari da waƙar fada kuwa don yabo aka yi su. Suna nuna maka yadda ake son a tuna da mutum, kuma hakan ma abin rubutawa ne, in dai ka kira shi da sunansa.

Bayajidda da Sarauniya Amina fa? Tarihi ne ko tatsuniya?

Ba sai ka yanke hukunci ba, amma dole ka nuna wa mai karatu irin ƙasar da yake takawa. Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu labarin asali ne da Daura ke riƙe da shi, kuma masana irin su Abdullahi Smith sun daɗe da nuna cewa ba za a ɗauke shi a matsayin bayanin yadda Hausawa suka samu ba. Rubuta shi da "bisa labarin da ake bayarwa a Daura", kada ka liƙa masa shekara.

Amina ta fi shi gindin zama a rubuce, domin Muhammadu Bello ya ambace ta, tsohon kundin Tarihin Kano ma ya ambace ta. Matsalar zamani ce. Kundin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wato farkon ƙarni na 15, wasu masanan kuma suna kai ta ƙarni na 16. Shekarun haihuwa da rasuwa da ke yawo a intanet kamar an ciro su daga takardar asibiti, zaɓin ɓangare ɗaya ne. Faɗi saɓanin a jimla biyu ka wuce.

Shi kansa kundin Kano, tsawon mulkin kowane sarki ya bayar. Shekarun Miladiyya da ake gani, irin su 999 ga Bagauda ko 1463 zuwa 1499 ga Muhammadu Rumfa, lissafi ne da aka yi ta komawa baya, wanda ya bazu ta fassarar H. R. Palmer ta 1908. Kuskuren shekara biyar a sarki ɗaya yana tura duk na gabansa. Sa "wajen" ko "kimanin" a gabansu.

Yaya ake mayar da shekarar Hijira zuwa Miladiyya?

Lissafin gaggawa: ninka shekarar Hijira da 0.97, ka ƙara 622. Shehu Usmanu ya rasu a 1232, lissafin ya ba da 1817, kuma daidai ne. Amma shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka kusan kullum tana hawa kan shekaru biyu. Shekarar 1218 ta fara a 1803 ta ƙare a 1804. Hijirar Shehu zuwa Gudu ta faɗo a watan Zulƙida, wato Fabrairun 1804. In ba ka san wata ba, rubuta 1803/04. In ka san rana, yi amfani da manhajar juya kwanan wata, ka bar sararin kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata.

Malaman da sukan ɓoye shekara cikin kalma a ƙarshen waƙa ko littafi, abin da ake kira ramzi. A nan ka yi hattara: lissafin haruffa na Magrib suke bi, inda harafin shinun yake 1,000, ba 300 ba kamar a lissafin Gabas. Kai wa malamin da ya saba da rubutun, kada ka yi da ka.

An turo min tsohon hoto an ce Jos ce a 1930. Ta yaya zan gane?

Fara da neman asalinsa ta Google Lens da TinEye da Yandex, duka ukun, domin kowanne da abin da yake kamawa. Kana neman kofe mafi daɗewa da mafi girma, da bayanin da ke ƙarƙashinsa a wurin da aka fara sa shi. Sau da yawa za ka tarar hoton na Gana ne ko Sudan.

Sannan ka buɗe hoton a kwamfuta ka zuba masa ido. Ta wane hannu motoci ke tafiya? Nijeriya ta koma tuƙin dama a Afrilun 1972, don haka motoci a hagu na nufin kafin nan. Wace tuta ke sama? Kore-fari-kore ba ta hau ba sai 1 ga Oktoba 1960. Farashin da ke jikin allo, fam da sule ne ko naira? Akwai wayar lantarki? Duwatsun da ke baya irin na Filato ne, masu tarin manyan ƙwallaye, ko fili ne shimfiɗe?

Duk hoton da aka ce na Shehu Usmanu ne ko na Amina, ƙarya ne kai tsaye: sai a 1839 aka fito da fasahar ɗaukar hoto, shekara 22 bayan rasuwar Shehu. Zanen mai zane kuma a rubuta "zane" a ƙasansa. Wanda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira ma a faɗa ɓaro-ɓaro, kodayake mu a ganinmu gara hoton ganuwa ko na shafin littafi da fuskar da na'ura ta ƙaga, domin gobe wani zai yanke bayaninka ya yaɗa fuskar.

Maganganun da ake jingina wa manyan mutane fa?

Ka'ida: ba wuri, ba rana, ba bugu. Kana buƙatar inda aka yi maganar, da ranar, da takarda ko faifan da ya ɗauke ta a lokacin. Misalin da ya fi yawo shi ne jawabin da aka ce Lord Macaulay, wani ɗan siyasar Birtaniya, ya yi a majalisar Ingila ranar 2 ga Fabrairu 1835, wai ya zagaye Afirka bai ga maroƙi ko ɓarawo ba, don haka a rusa iliminsu. A lokacin mutumin yana Indiya, kuma asalin ƙagen ma Indiya aka rubuta kafin wani ya goge ya sa Afirka. Duk maganar da ta yi daidai da rigimar siyasar wannan makon fiye da kima, ka ƙara zarginta. In kai ka fassara magana daga Turanci ko Larabci, faɗi cewa fassararka ce.

Waɗanne kurakurai ne suka fi dawowa?

Garin Nok yana Jihar Kaduna, ba Filato ba. Ruɗanin ya zo ne don a wajen haƙar kuza aka fara tono tsofaffin gumakan yumɓun da ake kira na Nok a 1928, kuma a Jos aka tara su. Dutsen Zuma yana Jihar Neja, ba cikin Babban Birnin Tarayya ba. Ƙaramin layin dogon da ake kira na Bauchi bai taɓa zuwa garin Bauchi ba: daga Zariya ya taso ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957, sunan lardi ya ɗauka. Flora Shaw ta ba da shawarar sunan Nijeriya a jaridar The Times a Janairun 1897, ba 1914 ba, kuma ba ta auri Lugard ba sai 1902. Babu kuma wata yarjejeniyar 1914 da ta ce haɗewar za ta ƙare bayan shekara ɗari.

Abuja biyu ce. Ta farko masarautar da zuriyar sarakunan Zazzau na da suka kafa bayan jihadi, wadda ta ɗauki sunan Abu Ja, ita ce Suleja ta yau. Ta biyu birnin da dokar soja ta Fabrairun 1976 ta samar a zamanin Murtala, aka tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991 a zamanin Babangida. Duk "Abuja" da ka gani a takardar da ta girmi 1976, Suleja ake nufi.

Sai sunaye masu maimaituwa. Attahirun da ya yi shahada a Burmi a Yulin 1903 daban, Attahirun da Turawa suka naɗa a Sakkwato a shekarar daban. Aliyu Babba akwai Sarkin Musulmi, akwai Sarkin Kano. Tsohon kuɗi ma: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, fam ɗaya ya koma naira biyu a 1973. Kada ka ce "daidai da naira kaza a yau". Faɗi abin da kuɗin ke saya a lokacin, in kana da shaida.

Edita ya ce in rubuta a kan waye ya kafa Jos. In karɓa?

Karɓi, amma ka nemi mako biyu maimakon kwana uku, kuma ku yarda tun farko cewa rubutun ba zai yanke hukunci ba. Wannan tambaya ce da aka zubar da jini a kanta, kuma Berom da Afizere da Anaguta da Hausawa kowa yana da bayaninsa da takardun da yake kafa hujja da su. Asalin sunan garin ma haka yake. Aikinka ka kawo kowane bayani da sunan mai shi, ka nuna abin da takardun lokacin suka ce da wanda ya rubuta su, ka raba tambayar "su wa ke zaune a ƙasar" da "yaushe garin kuza ya kafu" da "wa Turawa suka naɗa kan wa". Tambayoyi uku ne, masu rigima ke cure su wuri ɗaya.

Rahotannin kwamitocin bincike, na Fiberesima kan rikicin 1994, na Niki Tobi kan na 2001, na Ajibola kan na 2008, majiyoyi ne, amma ka ce "kwamitin ya ce", domin akwai ɓangarorin da ba su amince da su ba. Adadin mamata a kowane rikici a jingina shi ga wanda ya bayar. Kafin bugawa, ba mutum biyu daga ɓangarori daban su karanta, ba don su canza gaskiya ba, don su nuna maka kalmar da za ta zama ashana. Kuma a duba kalanda: ba a sakin irin wannan a makon zaɓen ƙananan hukumomi.

Yaya ake tantancewar ƙarshe?

Buga rubutun a takarda. Ja layi ƙarƙashin kowane suna, sarauta, shekara, adadi, wuri, da maganar da aka ɗauko. Rubutu mai kalmomi 1,200 yakan fitar da layi arba'in zuwa sittin. Ba kowanne lamba, ka yi jadawali mai gida huɗu: da'awar, majiyar da shafinta, majiya ta biyu, hukunci. Hukuncin uku ne: ya tabbata, a jingina, a cire. Wanda zai bi jadawalin ba marubucin ba ne, domin ido ba ya ganin kuskuren da ya saba da shi. Shi mai dubawar ya buɗe majiyar da kansa.

Kalmomin "na farko", "mafi girma", "mafi daɗewa", "bai taɓa ba" su ne suka fi jawo wasiƙar ƙorafi. Sannan a duba kanun labari da bayanin hoto da ɗan rubutun da za a sa a Facebook, domin galibi wani ne daban ke rubuta su cikin gaggawa bayan an gama tantancewa.

In na bi duk wannan, rubutun ba zai yi lami ba?

Gishirin yana cikin takardun, ba sai ka ƙara naka ba. Wani kan gunki irin na Nok da aka kai wa Fagg a 1943 daga yankin Jama'a, wani ma'aikacin kuza ne ya kafa shi a gonarsa yana korar tsuntsaye. Wa zai ƙaga abin da ya fi wannan? Fara da abu guda da ido zai gani, sannan ka buɗe. Abin da aka hana shi ne ka shiga zuciyar mamaci ka ce "ya yi murmushi ya ce a ransa", ko ka ƙirƙiro hira. A rediyo, shirin minti goma ba ya ɗaukar fiye da shekaru uku ko huɗu da sunaye biyar, sauran kunne zai zubar.

Wikipedia da manhajojin ƙirƙirarriyar basira?

Wikipedia ƙofa ce: gangara ƙasa ka bi majiyoyinta. Manhajojin kuwa suna iya ba ka sunan littafi da marubuci da lambar shafi, duka babu su a duniya, kuma sun fi yin haka a tarihin ƙananan garuruwa. Duk abin da suka ba ka, sai ka riƙe littafin a hannu.

Akwai abin da ya shafi doka?

Hoton da ke intanet yana da mai shi. Nemi izini a rubuce daga gidan tarihi ko iyalan mai hoton, ka sa sunansu. Zargin laifi a kan wanda ke raye, ko maganar da ta taɓa nasabar gidan sarauta da ke da shari'a a kotu, lauyan gidan jaridar ya gani kafin ta fita. Takardun gwamnati na baya-bayan nan ana iya nemansu da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa, kodayake a aikace sai an bi sawu.

Mun riga mun buga, sai ga kuskure. Mu goge?

A'a, an riga an ɗauki hotonsa. Gyara a cikin rubutun, ka sa bayani a ƙasa da kwanan wata: abin da aka rubuta da farko, da abin da yake daidai. Gyara rubutun Facebook da na X ma, in kuma ta WhatsApp ya bazu, a fitar da gyaran a hoto mai tambarin gidan don ya bi hanyar da kuskuren ya bi. A rediyo, a farkon shiri na gaba ake faɗa, ba a ƙarshe ba lokacin da kiɗan rufewa ya taso. Wanda ya kawo gyaran a tambaye shi majiyarsa kamar kowa, domin wani jikan ne ke son a ƙara wa kakansa shekarun mulki. Jadawalin tantancewa, da rikodin hirarraki, da hotunan fayiloli, a ajiye su wuri biyu da sunan rubutun da ranar da ya fita.